Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Talakan Birnin Kano da Abinci Mai Gina Jiki



 Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba maganar tukunya irin matsayin da ake ba maganar titi da gada. Gaskiyarsu ne, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gabatarwa

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, na tsaya a bakin wata tireda a unguwar Kurna ina jiran wani abokina. Sai ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara 9 ba, ta dunƙule kuɗi a hannu cikin hijabi. Ta karanto wa mai tireda saƙon gida kamar mai ba da hadda: shinkafa gwangwani huɗu, mai ƙulli biyu, magi uku, garin barkono ƙulli ɗaya. Ya haɗa mata a leda, ya miƙo canji. A gefen tiredar akwai mai kayan miya da teburinsa. Ya kasa tumatir kashi-kashi, ga albasa, ga alayyafo an yayyafa masa ruwa yana sheƙi. Yarinyar ta tsaya ta tambayi kuɗin kashin tumatir, ta buɗe hannu ta dubi canjin da ya rage, ta juya ta tafi.

Tsakaninta da teburin nan bai kai taku uku ba.

A daren nan an ci abinci a gidansu. Kowa ya kwanta da cikinsa a cike, kuma in ka tambayi mahaifinta zai ce maka alhamdu lillahi, yau ma an samu. Bai yi ƙarya ba. Amma jinin yarinyar da ƙasusuwanta da ƙwaƙwalwarta ba su samu nasu rabon ba, domin farar shinkafa da mai da yaji ba su ɗauke da abin da waɗannan sassa suke nema. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Masana suna kiransa ɓoyayyiyar yunwa, yunwar da mai ita ba ya jin ta a ciki, sai dai a gan ta a jikinsa bayan shekaru.

Taku ukun nan su ne batun laccata. Ina so mu duba abin da ya tsaya a tsakaninsu, da abin da yake jawo mana, da yadda za a kawar da shi.

Hamadar abinci da darasin da ke cikinta

Ba a kanmu aka fara lura da wannan matsala ba. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Sikotilan, aka fara jin wani suna da za mu iya cewa da shi "hamadar abinci", wato unguwar da mazaunanta ba su da inda za su sayi ganye da 'ya'yan itace da sauran abinci mai kyau a kusa da su. Sunan ya fi yin ƙarfi a Amurka. A can, manyan kantuna sun bi masu kuɗi zuwa sababbin unguwannin bayan gari, suka bar tsofaffin unguwannin tsakiyar birni, waɗanda da yawansu na baƙaƙen fata ne da baƙin haure, da ƙananan shagunan lemon kwalba da soye-soye. Ma'aikatar aikin gona ta ƙasar har ma'auni ta tsara: unguwar masu ƙaramin ƙarfi wadda kaso mai yawa na jama'arta ke nesa da babban kanti da fiye da mil 1 a birni, ko mil 10 a karkara. A shekarar 2010 Michelle Obama, matar shugaban ƙasar na wancan lokaci, ta rungumi wannan batu, gwamnati kuma ta ware kuɗi don jawo manyan kantuna su koma irin waɗannan unguwanni.

An gina kantuna. Da masu bincike suka koma don ganin abin da ya sauya, sai suka tarar da abin da ba a zata ba. A birnin Filadelfiya, wani nazari da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa mutanen unguwar da aka buɗe wa sabon kanti sun yarda cewa abinci ya matso kusa da su, amma abin da suke ci bai sauya ba. A 2019, Hunt Allcott da wasu abokan aikinsa masana tattalin arziki suka gano cewa ko an kawo wa talaka irin kayan da ke unguwar masu kuɗi, giɓin da ke tsakanin cimarsu ba ya raguwa sai da kamar kashi 10 cikin 100. Sauran yana tattare da ƙarfin aljihu da sabo da sani.

Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, kawo abinci gaban ido bai isa ba. Mu Kanawa ma ba ma buƙatar wani ya gaya mana haka. Muna da Dawanau, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, inda fatake ke lodi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Muna da 'Yankaba ta kayan gwari, da 'Yan Lemo ta Na'ibawa, da Singa ta kayan masarufi, da Kurmi da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Daga kudu, ruwan madatsar Tiga yana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir na taruwa a Kwanar Gafan har ya rasa mai saye. Duk lungun da ka shiga a Dorayi ko Rimin Kebe ko Tudun Murtala ko Sheka, za ka tarar da mai tebur ko mai baro yana sayar da kayan miya. In da mil ake aunawa, babu hamadar abinci a Kano. Tamu hamadar tana tsakanin tebur da tukunya, kuma na ga katangu biyar da suka kewaye ta.

Katangu biyar

Ta farko ita ce aljihu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da lissafin mafi ƙarancin abin da babban mutum ɗaya zai kashe a rana in yana son cin abinci mai cikakken amfani, daga cikin mafi arahar abin da ke kasuwa. A watan Yunin 2024 lissafin ya kai naira 1,241 a faɗin ƙasa. A nan Arewa maso Yamma, inda ya fi ko'ina sauƙi, ya kusa naira 1,000. Ku ninka sau 30, za ku ga kusan naira 30,000 a wata ga mutum guda. A wannan watan, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne cif, kafin a mayar da shi 70,000 a watan Yuli. Ke nan a lokacin albashin magidanci gaba ɗaya abincin bakinsa shi kaɗai ne, ba a zo kan matarsa da 'ya'yansa ba, balle kuɗin haya da magani da makaranta. Mafi yawan mutanen unguwanninmu kuwa ko albashin ba su da shi. Ɗan dako ne, da mai tura ruwa, da lebura, da direban adaidaita sahu da sai ya cika balas kafin ya ga nasa. Hannu baka hannu ƙwarya suke.

Kowa a nan ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga kuma 'yan bindiga da suka raba manoman Zamfara da Katsina da gonakinsu. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Cikin shekara guda kuɗin wake ya ninka fiye da sau 3, na tumatir ya kai ninki 4. Idan kuɗi ya gaza, akwai jerin da kowace uwar gida ta sani ba tare da an koya mata ba. Nama ne ke fara fita daga tukunya, sai kifi da ƙwai, sai 'ya'yan itace, sai wake, sai ganye. Abin da ke saura shi ne wanda zai cika ciki ya hana yaro kuka da dare: garin kwaki, da masara, da shinkafa. Abubuwan da ke gina jiki su ne suke fara tafiya, domin su ne suka fi tsada a kan kowace loma.

Ta biyu ita ce awo. Talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada. Mai hali yakan shiga Dawanau da kaka ya sayi buhun gero da na wake ya ajiye, ya ci har wata kakar. Wanda samunsa na yini ne, da gwangwani yake saye. Kafin hatsi ya sauka daga buhu zuwa kwano, daga kwano zuwa gwangwani, ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowa da ribarsa da kuɗin motarsa. Haka mai: daga jarka zuwa kwalba, daga kwalba zuwa ƙullin leda. Ba laifin mai tireda ba ne, shi ma nema yake, kuma sau da yawa shi ne ke ba da bashi ranar da babu. To me ya hana uwar gida zuwa 'Yankaba ta sayo da araha? Kuɗin adaidaita sahu daga Dorayi, zuwa da dawowa, zai cinye kuɗin cefanen kafin ta taɓa ko albasa.

Ta uku ita ce wuta. Lissafin Hukumar Ƙididdiga da na ambata bai haɗa da kuɗin dafawa ba. Kananzir ya daɗe da fin fetur tsada, rishon da muka taso muna gani ya koma ƙarƙashin gado. Iskar gas ta fi ƙarfin mutane da yawa, aka koma gawayi da itace, su ma suka tashi. Wake yana son wuta mai tsawo. Tuwon dawa da miyar ganye suna son surfe da niƙa da tankaɗe da talge. Taliyar leda kuwa minti kaɗan ta nuna. Uwar da ta zaɓi taliyar nan ta san wake ya fi ta amfani, lissafin gawayin da ke cikin kurfoti ta yi. Shi ya sa nake jin zafi idan na ji ana cewa matsalar jahilcin iyaye mata ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta huɗu ita ce ruwa da ajiya. Unguwanni da yawa sun shekara ba su ga ɗigon ruwa a famfo ba, kowace jarka sai an saya wurin 'yan garuwa. Ganye yana son wanki sau biyu sau uku, wanda ke sayen ruwa kuwa yana ƙirga kowane kofi. Ba lantarki, ba firji, ga zafin Afrilu da ke haura awo 40 a ma'aunin zafi, tumatirin safe kafin yamma ya yi laushi. Wannan asara tana farawa tun daga gona. A watannin Fabrairu da Maris manomi kan zubar da tumatir a bakin titi saboda kwando bai kai kuɗin ɗaukarsa ba, a watan Yuni kuma tumatir ya gagari kowa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nomawa yana lalacewa kafin ya kai tukunya. A shekarar 2016 kuma, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, mun ga yadda miyar gari guda take rataye a kan amfani ɗaya.

Akwai wani ɓangare na maganar ruwa da bai kamata mu kawar da kai daga gare shi ba. Wani kaso na latas da kabeji da alayyafon da ake sayarwa da araha a cikin gari, a gefen rafin Jakara da na Getsi ake noma shi, da ruwan kwatami da na masana'antun Bompai. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna wannan ruwa da ganyen da yake shayarwa, suna samun ƙwayoyin cuta da burbushin ƙarafa masu illa. Masu lambun nan bayin Allah ne da ke ciyar da gari da guminsu. Ruwa mai tsabta suka rasa.

Ta biyar ita ce fili. Wani Bature mai suna Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Magabatanmu da suka gina ganuwa sun kewaye abincinsu tare da gidajensu. Har zuwa zamanin iyayenmu, jakuna kan fitar da taki da toka daga birni zuwa gonakin kewaye, su dawo da hatsi da itace. Gidan da na taso akwai zogale a bayan ɗaki, kabewa na yaɗo a kan danga, ga kaji, ga akuya. Yau birni da kewaye, ƙananan hukumomi 8, ana ƙiyasta jama'arsu sun haura miliyan 4. Gonakin Ungogo da Kumbotso sun zama fulotai. Yawancin sababbin unguwannin awon igiya ne, ba a ware filin kasuwa ba, ba a bar wurin lambu ba, ko magudanar ruwa babu. Iyali guda a ɗaki ɗaya na gidan haya, tsakar gida siminti, ina za a dasa zogale?

Abin da jiki ke biya

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Fiye da rabin 'ya'yanmu ke nan. Binciken ya kuma nuna ƙarancin jini a jikin kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa.

Tsumburewa ba gajarta ce ta gado ba. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kwana 1,000 ke nan, a cikinsu ake gina mafi yawan ƙwaƙwalwa. Abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a mayar da shi gaba ɗaya. Yaron da malami ke wa faɗa a aji uku wai ba ya ganewa, mai yiwuwa tun yana goye aka yanke masa hukunci, lokacin da koko tsura ne abincinsa safe da yamma. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini kuwa, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Ma'aikatan lafiya da ke zaune a nan sun fi ni sanin yawan gadajen da masu tamowa ke cikawa idan damina ta tsaya.

Ga kuma ɗaya fuskar. Cutukan da muka taso muna cewa na masu kuɗi ne, hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, sun tare a unguwannin talakawa. Masana na ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum a rana ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Mu mun juya lissafin. Miyar da ba nama ba kifi ba daddawa, da me za a ba ta ɗanɗano? Sai a ƙara dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A gida ɗaya sai ka ga yaro mai tamowa da kakarsa mai ciwon suga, tukunya ɗaya ce ta haifar da su duka biyun.

Mafita

Zan fara daga cikin gida, domin akwai abin da ke hannunmu ko da katangun nan suna tsaye. Iyayena mata, abincin da kakanninmu suka bar mana ba na baya ba ne. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙara jini. Zogale da rama da yakuwa da kuka da lalo suna ɗauke da abin da ke kare ido da jini. Daddawa da ƙuli-ƙuli da waken suya suna maye gurbin wani abu na nama. Kwaɗon zogale da ƙuli, ko faten wake da alayyafo, ko dambu da ganye, sun fi farantin taliya da mai nesa ba kusa ba. Cokali ɗaya na garin gyaɗa ko na waken suya a cikin kokon yaro yana sauya kokon gaba ɗaya. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba, domin yawan kanwa na kashe wani ɓangare na amfaninsa. In tukunya ta tafasa, a sauke ta a naɗe da tsohon bargo cikin kwando, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Kada a soya manja har ya yi fari, jan nan shi ne maganin dundumi. A raba shan shayi da cin abinci, domin shayi na hana jiki zuƙar sinadarin jini, lemon tsami kuwa na taimaka masa. Iyayena maza, ku ma da ku nake. Tsiren da ake ci a majalisa da dare, kuɗinsa ya isa ƙwan yara na kwana biyu.

Sai unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matanmu sun iya adashe tun kafin a kawo banki. Gida 10 ko 20 za su iya haɗa kuɗi, mutum biyu su je Dawanau ko 'Yankaba su sayo buhu da kwando, a raba a farashin sari. Katangar awo ta faɗi ke nan. Lokacin arahar tumatir a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a ajiye kauɗa don watan Yuni. Noman buhu, da mutane suka fara rungumar sa, yana ba da alayyafo da kuɓewa a kan siminti. Harabar makarantun firamare da islamiyyu da masallatan Juma'a, musamman inda ruwan alwala ke kwarara a banza, duk wuraren dasa zogale da gwanda ne. Maganar ajiya kuwa, ɗanmu ne ya nuna wa duniya hanya. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Yayin da ruwan ke tsanewa yana tafiya da zafi, tumatir da tattasai su kai mako 3. Wannan ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Maginan tukwane suna nan, yashi yana nan. Me ya hana kowane mai kayan miya samun irinta a ƙarƙashin teburinsa?

Sai masu hali da malamanmu. Kano ba ta rasa masu ciyarwa ba, ana gani da azumi. Roƙona shi ne a dubi abin da ke cikin ledar, a sa wake da ganye kusa da shinkafar, kuma a tuna cewa yunwa ba ta san Shawwal ya kama ba. Waƙafin rijiyar burtsatse da lambu a unguwa sadaka ce mai gudana, Hukumar Zakka da Hubusi tana iya tsara ta. Limamai kuma, in kuna bayanin haƙƙin ciyar da iyali, ku haɗa da ingancin abin da ake ciyarwa, da fifita mai ciki da mai shayarwa da ɗan yaye a wajen rabo.

Babban nauyi yana kan hukuma, kuma akwai birnin da ya gwada aka gani. A 1993, birnin Belo Horizonte na ƙasar Birazil, ƙarƙashin magajin gari Patrus Ananias, ya ɗauki abinci a matsayin haƙƙin kowane ɗan gari, ya kafa ofishi na musamman don haka. Suka ba 'yan kasuwa rumfuna a filayen gwamnati masu cunkoson jama'a, da sharaɗin su sayar da kayan gona kusan iri 20 a farashin da aka ƙayyade, sauran kaya kuma su sayar yadda suka ga dama. Suka sa motoci na kai kayan lambu unguwannin talakawa. Suka haɗa ƙananan manoma da masu saye kai tsaye, suka buɗe gidajen abinci masu rahusa da kowa ke iya shiga. Duk wannan bai ci kashi 2 cikin 100 na kasafin birnin ba, kuma daga baya ƙasar ta ɗauki darussa daga ciki.

Babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin Kano. Ƙaramar hukuma tana iya ware rana ɗaya a mako da motar Kadawa za ta sauke kaya kai tsaye a Kurna ko Bachirawa. Ana iya kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a Kwanar Gafan da 'Yankaba, irinsu suna aiki a wasu kasuwannin ƙasar nan. Hukumar tsara birni ta daina amincewa da sabon awo in babu filin kasuwa da na lambu a ciki. A haƙa wa masu lambun Jakara rijiyoyi, a tilasta wa masana'antu tace ruwansu. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016 ya yi ta tsayawa yana tashi, a tsayar da shi da ƙafafunsa, a riƙa sayen wakensa da ganyensa daga manomanmu. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, ya kamata a ga amfaninsa a asibitin tamowa. Ruwan famfo kuwa, in ya dawo unguwa, rabin maganar ganye ta ƙare.

Kammalawa

Jama'a, na ɗauki lokacinku. Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne, garin da ke loda wa ƙasashe uku hatsi bai kamata ya zauna da fiye da rabin 'ya'yan yankinsa a tsumbure ba. Abincin yana nan, Allah Ya ba mu ƙasa da ruwa da manoma. Aljihu da awo da wuta da ruwa da fili su ne suka shiga tsakani, kuma kowanne daga cikinsu mutane ne suka gina shi, mutane kuma suna iya rushe shi.

Ina roƙon kowane mai unguwa da ke nan, kafin wata ya ƙare, ya tara magidanta da mata a fara asusun sayen abinci na haɗin gwiwa ko da da gida 10 ne. Kowane shugaban makaranta ya dasa zogale kafin damina ta wuce. Kowane ɗalibi ya koma ya dubi kokon ƙaninsa. Yarinyar nan ta Kurna za ta zama uwa nan da wasu shekaru, kuma jinin da take tarawa yau da shi za ta shiga ɗakin haihuwa.

Allah Ya yalwata mana, Ya sa albarka a tukwanenmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, Ya raya mana zuriya cikin lafiya.